Kunnen Aro a Kasuwar Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na sha shayi lafiya ba. Duk wanda ya zauna kusa da ni a benci sai ya ce, "Ilu, wai da gaske ka tsallaka ƙasa don ka sayo iyafis?" Na gaji da maimaitawa. Ni ban yi boko ba, don haka na zaunar da Malam Hadi tela na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya ƙara gishiri. Wanda ya sake tambayata, ga takarda nan.

Suna na je. Amma gaskiya iyafis ɗin ya fi sunan cin raina, kuma ga dalili.

Yayana Mamman shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Da aka kore mana shanu muka baro gonarmu ta wajen Wurma, muka dawo cikin Kurfi, gida ɗaya da iyalanmu. Ni na yi kwanaki a hannun mutanen daji. Na dawo da raina, kunnen hagu dai can na baro shi. Shi kuma idonsa ya yi ta rufewa a hankali har ya daina ganin tafin hannunsa. Abin da ya rage masa na duniya shi ne rediyon cikin 'yar wayarsa mai tocila. Tun hantsi zai saƙala iyafis ya ji labarai, ya ji kuɗin hatsi, da yamma ya fito ƙofar gida ya yi ta gardama da mutane. Akwatin rediyo ba ya yi masa. Sai an ƙure murya har maƙwabta sun yi magana, shi kuma ya ce hayaniya kawai yake ji, don kunnensa ya fara nauyi.

Da tsohon iyafis ɗinsa ya tsinke na sayo wani a kasuwar Kurfi, naira ɗari bakwai. Mako ɗaya, gefe guda ya mutu. Na je Dutsin-Ma na sayo wani ja mai ƙyalli na dubu ɗaya da ɗari biyu. Ya sa, ya cire, ya ce kamar mutum ne ke magana cikin tulu. Na uku ya yi jifa da shi. Daga nan ya daina fita. Ya juya fuskarsa bango. Tuwo ya riƙa komawa madafa yadda aka kawo shi. Ranar da na matsa masa ya ce, "Ilu, ba ido, ba kunne, mi ya rage in ba rami ba?"

Na koma wurin Garba mai gyaran waya a Dutsin-Ma na ce ya bar ni in gwada kafin in saya. Ya ce, "Baba Ilu, na cikin leda ba a buɗe shi. In ka buɗe, ka saya. Masu tsadar kuma 'yan jami'a nake kawo wa, su kiɗa ne damuwarsu."

Ana cikin haka saƙo ya zo daga Laminu, ɗan gwaggonmu da ke Maraɗi, matarsa ta haihu. Yaya ne babba, shi ya kamata ya je ko ya yi aike. Bai ko juyo ba. Ya ce, "Tafi. Ɗauki wayar ma ka ba yara su yi wasa da ita." Na ɗauka na sa a aljihu.

Daga Kurfi zuwa Katsina mu huɗu ne a bayan ƙaramar mota. Allah ya haɗa ni da wani dillalin wake mai baki kamar injin niƙa. Na gyara zama na ba shi kunnen hagu. Ya yi ta zuba, ina gyaɗa kai. Da muka sauka ya riƙe hannuna ya ce rabon da ya sami mai sauraro irina tun mahaifiyarsa tana da rai.

Hanyar Jibiya kuwa ba mai yawan magana. Kowa ya san dalili. Direba ya kashe kiɗa, wata tsohuwa tana jan carbi, ana tsayawa a shinge ana wucewa. Ni ban ji komai a raina ba. Abin da ake tsoro na riga na gan shi.

A bakin iyaka na yi canji. Na miƙa wa mai canji kuɗi cike da hannu, ya ba ni 'yan takardu da za su shige cikin hula. Na ce, "Ina sauran?" Ya ce, "Alhaji, nan ba a auna kuɗi da tiya." Lissafinsu ma daban ne. Sefa biyar ita ce dala, dubu ita ce jika. In an ce maka dala ɗari, ɗari biyar ake nufi. Na sayi ruwa na biya ba daidai ba, mai ruwan ta biyo ni da canji tana dariya.

A ɓangarensu wani jandarma ya tsaya ta haguna ya yi magana. Ban ji ba. Ya sake. Ban ji ba. Sai na ga kowa ya zuba mini ido. Aka sauke ni, aka nuna mini benci. A gida in irin wannan ta faru baki ake sawa, a ce ranka ya daɗe a yi haƙuri. Can takarda ke magana. Na fito da katin ɗan ƙasa, na nuna masa tabon da ke bayan kunnena. Ya duba katin, ya duba tabon, ya zagayo ta damana ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Sauka lahiya." Har sara mini ya yi. Fasinjoji dai ba su yafe mini rabin awar da na ci musu ba.

A Maraɗi ɗan acaba kabu-kabu suke ce masa. Ɗaya ya kai ni gidan Laminu. Gida ya cika da baƙi, aka sauke ni a shagon zaure tare da surukinsa, Baba Tanko, mahaifin mai jego. Tsoho ne ɗan ƙauye, goro ba ya barin bakinsa, kuma in za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya. Mu biyu muka dace. Ba mai damun wani.

Abincinsu ba laifi. Furarsu ta fi tamu nono, wannan na yarda. Tuwonsu bai kai namu ba. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, na gatsa ya yanke mini dasashi, sai da aka ce in tsoma a shayi. Shayin ma ba irin namu ba ne na babban kofi. A ɗan gilashi kamar murfin kwalba ake ba ka. Na kurɓe na miƙe, Baba Tanko ya ja rigata. "Zauna. Na ɗaya ne wannan. Sai an yi uku." Na ce, "Ku ba ku da aikin yi?" Ya ce, "Wannan ɗin shi ne aikin."

Bayan an raɗa suna an ci nama na gaya wa Laminu halin da Yaya ke ciki. Ransa ya ɓaci. Ya ce mu tafi kasuwa yanzu, yana da aboki mai sayar da kayan waya, Isufu.

Rumfar Isufu ta burge ni da abu ɗaya. Kowane iri akwai guda a rataye, buɗaɗɗe, don gwaji. Ya jona na dala ɗari a babbar wayarsa ya sa kiɗa, na saurara da kunnen dama. Gwangwani. Ya sa na jika uku. Ya fi. Sai ya fito da wani ɗan akwati fari ya buɗe, ga wasu 'yan abubuwa biyu kamar ƙwayar gurjiya, ba igiya. Jika tara. Da ya sa mini, wallahi har numfashin mawaƙin na ji.

Laminu ya ce, "Yaya Mamman ne fa. Ba za a kai masa na yara ba. Ɗauki wannan, zan cika."

Isufu ya haɗa shi da 'yar wayar Yaya, ya kunna karatun da ke cikin memori, ya fito tas. Na biya, Laminu ya cika. Na fito ina jin kaina.

Bayan la'asar a zaure na ce bari in kunna rediyo. Ta ƙi. Wani rubutu ne kawai ke fitowa. Na miƙa wa Laminu ya karanta.

"Ta ce a sa iyafis."

"Ga shi a kunnena!"

Ya kira Isufu a waya. Da ya gama ya sosa ƙeya. Ashe a irin waɗannan ƙananan wayoyi igiyar iyafis ɗin ita ce eriya. In ba igiya, ba rediyo. Kuma shi wannan farin sai an riƙa yi masa caji, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Baba Tanko ya ce a ba shi ya ji abin da ya ci jika tara. Ya sa, ya tauna goro sau biyu, ɗaya ya faɗo. Ni da Laminu da shi, mu uku masu ido, muka yi ta rarrafe muna ɗaga tabarma. A cikin takalmin wani baƙo muka same shi. Ina durƙushe na tuna wanda zan kai wa wannan abu ba ya gani.

Ban zargi Isufu ba, ban zargi Laminu ba. Laifina ne. Na sayi shanun huɗa da yawa a rayuwata, ban taɓa gwada sa a kan kwalta ba. A gona ake gwada shi, da garma a wuya. Amma yau na gwada abin tsoho da kunnena, na gwada abin jin magana da kiɗa, a wayar da ba tasa ba.

Na dubi Baba Tanko na ɗaga murya. "Baba, gobe zan ari kunnenka."

Ya ce, "Ka ara. Amma ka sani ba sabo ba ne."

"Shi nake nema."

Da safe muka hau kabu-kabu biyu. Isufu na ganin akwatin a hannuna ya ɗaure fuska. "Baba, abin da aka saya an saya. Kwali ya yage."

Na ce, "Ban zo faɗa ba. Zama na zo yi."

Na zauna a bencinsa. Baba Tanko ya zauna kusa da ni ya ɓare goro. Duk wanda ya zo sayayya sai tsohon ya gaishe shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, ya ce, "Ka yi hankali da mai kama da gurjiya, cikin takalmi yake kwana!" Da mai saye na uku ya juya ya tafi, Isufu ya riƙe kai yana dariyar dole.

"Don Allah mi kuke so?"

Na gaya masa. Makaho ne, kunnensa ya yi nauyi, rediyo yake ji, ya daina cin abinci. Ban ƙara ba. Ya ce zai karɓa ya cire jika ɗaya na kwali, in zaɓi masu igiya da sauran. Na ce na yarda, amma da sharaɗi. A wayar Yaya za a gwada, da rediyo, a kunnen wannan tsoho.

Muka kunna, sai muka tarar Faransanci ake yi. Isufu ya ce sai an jima za a juya Hausa. Na ɗauka zai ce mu je mu dawo. Sai ya hura gawayi ya ɗora shayi. A gida mai shago ba zai ba ka benci awa guda kana jiran rediyo ba. Wannan karon na sha ukun duka ban yi ƙorafi ba.

Da aka juya Hausa muka tsara aiki. Isufu ya kama tashar a wayarsa yana ji. Baba Tanko zai riƙa maimaita abin da mai labarai ke faɗa, Isufu ya ce daidai ne ko ba daidai ba. Maƙwabtan rumfa suka taru, mai takalma da mai agogo, kowa da bakinsa.

Na dala ɗari aka fara sawa. Tsoho ya lumshe ido. "Akwai mutum. Amma cikin rijiya yake."

Sai wani mai ruwan zinariya, jika ɗaya da rabi, kwalinsa da hoton ganga. Wannan shi samari ke rububi, in ji Isufu, don yana dukan ƙirji. Bai yi minti ɗaya ba Baba Tanko ya fizge shi. "Wannan daka ake yi a kaina. Ƙara dai ga ta, magana babu." A nan na gane abin da ya sami Yaya da jan nan na Dutsin-Ma. Ni ina ɗauka ƙara ce ta yi masa kaɗan, ina ta neman mai ƙara. Ashe tsohon kunne ba ƙara yake nema ba. Yana son kowace kalma ta rabu da 'yar'uwarta.

Wani fari siriri na dala ɗari biyu ya ba mu mamaki. Muryarsa a wanke take, sai dai ba ƙarfi. Tsoho ya kama rabi ya saki rabi. Ni da na sa a kunnen dama na ji komai. Mai lafiyayyen kunne in kuɗinsa kaɗan ne, wannan ya ishe shi. Igiyarsa ce dai kamar zaren ɗinki, ba za ta ga damina biyu ba.

Sannan na jika uku. Baƙi ne, ba ado, igiya mai kauri, bakinsa da roba mai laushi. Aka sa masa. Ya ce, "Da sauƙi." Iyakar abin da ya ce ke nan. Isufu ya leƙa kunnen tsohon kamar mai duba haƙorin akuya, ya ce, "Baba, ƙofarka da faɗi." Ya zazzage kwalin, ashe robar kala uku ce, ƙarama da matsakaiciya da babba. Ya cire ta jiki ya sa babbar, ya tura har ta toshe.

Baba Tanko ya daina tauna goro. Sai ya fara magana da muryar mai labarai, kalma bayan kalma, har da sunayen garuruwa. Isufu na gyaɗa kai yana cewa, "Awo. Awo. Haka ya ce." Mai takalma ya yi masa magana ta gefe, bai ko san yana yi ba. Hayaniyar kasuwa ta tsaya a waje.

Na ce a kawo na sama da shi. Akwai na jika biyar, da ɗan maɓalli a igiya da jakar ajiya. Aka gwada. Na ce, "Baba, wanne ya fi?" Ya ce, "Ɗan Juma ne da Ɗan Jummai." Isufu ya ce na biyar ɗin ya fi daɗin kiɗa. Na ce Yaya ya bar rawa tun kafin a haife ka.

Saura gwajina ni. Masu arha duk a wuya suke mutuwa, wurin da igiya ta shiga ƙarfen da ake jonawa. Na kama na jika ukun na lanƙwasa wuyan, na ja, na murɗa, rediyo na kunne. Isufu na cewa, "Baba a hankali!" Murya ba ta yanke ba. Na yi wa na zinariyar haka sau ɗaya, ya fara tari.

To ga abin da na gani, masu tambaya ku riƙe. Na ƙasa duka asara ne, sau uku na saya, kuɗin ukun da na mota sun kusa sayen mai kyau ɗaya. Mai ƙyalli kuɗin kwali kake biya. Na can sama yana da daɗi, amma ba don ƙaramar waya ba, ba don makaho ba, ba don garin da ba wuta ba. Na tsakiya shi ne kaya, in ka dace da robar kunnenka. Kuma ba sai Maraɗi ba. Irinsa na nan a Katsina, wataƙila har a Dutsin-Ma. Abin da babu a nan shi ne mai barin ka ka gwada.

Na ɗauki baƙin guda biyu da farin guda ɗaya nawa. Na juya in karɓi baƙin gwajin da ke kunnen Baba Tanko, ya dafe kunnuwansa da hannu biyu. "Bari a gama labarai." Aka gama, ya ce bari a gama gaishe-gaishe. Na ce wa Isufu ya bar masa shi, ladan kunne ne, na cika jika biyu. Laminu ya ce zai nema masa 'yar waya. Tsohon bai yi godiya ba, don bai ji mu ba.

Dawowa ba abin faɗa. Taya ta fashe bayan mun wuce Jibiya, muka tsaya a inda ba mai son tsayawa, maza duka muka sa hannu aka canza ta cikin minti kaɗan. Ban taɓa ganin Alhazai sun yi aiki da sauri haka ba.

Na iso Kurfi bayan azahar. Matar Yaya ta tare ni a tsakar gida ta girgiza kai. Kwanon safe na nan a rufe a bakin ƙofa. Na shiga. Yana kwance, fuska a bango.

"Yaya, na dawo. Laminu na gaishe ka. Namiji ne."

"Madalla."

Ban yi masa bayani ba. Na jona, na kama tasha, na ƙure murya yadda ya saba, na tura masa babbar robar a kunne. Ya kai hannu zai cire. Hannun ya tsaya a hanya.

Can ya ce, "Rage."

Na ce, "Na'am?"

"Rage murya, kurma kake? Za ka fasa mini kai."

Na rage. Na zauna a bakin ƙofa. Ya daɗe bai motsa ba, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai na ga ya dafa ƙasa ya tashi zaune.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Audu Dogo na Karofi ya rasu."

Audu Dogo abokinsa ne tun suna kora shanu kasuwa da ƙafa. Na ce, "Ka tabbata shi ne?"

"Sun faɗi sunan ubansa, sun faɗi unguwarsu, sun faɗi 'ya'yansa. Shekaranjiya. Gobe sadakar uku. Ku da idanunku da ƙafafunku ba wanda ya ji? Da haka za a yi ta binne mutanena ina kwance?" Ya laluba gefen tabarma. "Ina hulata? Ka nemo mai babur tun yau."

Na ce, "Ba mai ɗaukar ka a babur da yunwa. Faɗowa za ka yi."

"To miƙo kwanon mana. Tsayawa ka yi kana kallona?"

Ya cinye, ya ce miya ba gishiri.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Karofi, mu uku a kan babur, shi a tsakiya. Mun wuce Dutsin-Ma ɗan acaba ya tsaya a mararraba yana waige-waige. Yaya ya zungure shi a haƙarƙari ya ce, "Dama, ɗan nan. In ka ga tsamiya biyu ka sauka daga titi. Ni zan nuna maka hanya."